Jirgin Kawu a Kan Sikelin Mahauci

Duk wanda ya bi ta layin mahauta ranar Talata da hantsi, ya ga wani magidanci mai furfura a gemu ya saɓa jirgin sama a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga, ƙudaje na rakiyarsa, to don Allah ya daina bin gidaje yana tambaya. Ni ne. Ban zare ba, ban kuma canza sana'a ba. Babur ɗina na bari a layin gidan mai tun ranar Lahadi, na ɗora masa dutse a kan kujera don ya riƙe mini wuri, shi ya sa kuka gan ni a ƙafa. Jirgin kuwa na Kawu ne, kuma yadda aka yi ya kwaso ƙarnin nama shi ne abin da na zo muku da shi yau.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A unguwa Injiniya ake ce masa, ko da yake babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Rediyo biyar ke magana a lokaci guda a shagon nan, kowace da tasharta, kuma duk yana jin abin da suke faɗa. Bai taɓa jefar da ƙusa ko guntun waya ba, komai yana da gwangwanin madararsa. Da wayar hannu ta zo ta cinye masa kasuwa, mun ɗauka zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya riƙa ba mutane shawarar da ba su nema ba, kamar sauran sa'o'insa. Ashe shi sama yake kallo.

Shekara bakwai ya kwashe yana haɗa jirgin nan. Jikinsa farar kumfar nan ce da ake tallafe sabon firji da ita a cikin kwali. Haƙarƙarin fukafukan ƙarafan lema ne, kuma lema biyu daga cikin waɗanda suka sadaukar da rayukansu na maiɗakina ne, har yau ba ta yafe ba. Injin daga wata na'urar huda katako ya ciro shi. Rimot ɗin ma da hannunsa ya haɗa a cikin akwatin tsohuwar rediyo, har da eriyarta. Ya shafa masa fenti shuɗi da fari, ya sassaƙa wani ɗan mitsitsin matuƙi da katako, mai hula da gashin baki, ya zaunar da shi a gaba. Mutane kan leƙo su ce, "Injiniya, har yanzu ana wasan yaran?" Yakan yi murmushi, amma ni na san maganar tana cinsa.

Abin da ya fitar da zancen daga wasa shi ne ido. Bara, daga ƙofar shagonsa yana karanta rubutun da ke jikin tankin ruwan unguwa. Bana tankin kawai yake gani, shi ma sai rana ta fito sosai. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke gajiya, kuma bai yi masa alkawarin baɗi ba. Ranar da muka dawo daga asibiti, abu ɗaya Kawu ya ce mini: "Ni dai in gan shi a sama da idona. Sau ɗaya. Bayan nan ko kaji su kwana a cikinsa."

Saura kwana uku ya kai shi fili, sai ɗaya daga cikin rediyoyinsa biyar ta ci amanarsa. Sanarwa ce daga masu girma iyayenmu, waɗanda barci ba ya ɗaukarsu saboda tunanin lafiyarmu. Sun duba sun ga an gama da matsalar mai, an gama da ta wuta, ruwa na gudu a kowane famfo, saura sararin sama kaɗai ya rage babu mai kula da shi. Sai suka kafa Hukumar Kula da Duk Abin da Ya Bar Ƙasa. Duk abin da ke tashi, in ya kai kilo ɗaya, jirgi ne, sai da lasisi. In bai kai ba, abin wasa ne, amma shi ma sai an kawo shi an auna, an buga masa hatimi.

Na ce, "Kawu, wa ya san kana da jirgi? Mu sulale fili da sassafe, ka tashe shi, mu dawo. Mutanen da suka kasa gano inda man fetur ya shige ne za su hango kumfar firji a sama?"

Ya ajiye ƙarfen narka dalma ya juyo. "Ɗan nan, shekara bakwai ina aiki da rana tsaka, ƙofa a buɗe, sai ranar tashi ce zan yi sanɗa kamar ɓarawon kaza? Idon da ya rage mini bai isa in raba shi biyu ba, rabi a sama, rabi a kan hanya ina duba mai zuwa kama ni."

Kar ku ce ni ɗan a-bar-kowa-ya-yi-abin-da-ya-ga-dama ne. Shekara uku da suka wuce, wani ƙaramin jirgi da Kawu ya fara gwadawa ya tsallake katanga ya sauka a akurkin maƙwabciyarmu mai ɗinki. Kajinta sun yi mako biyu ba su yi ƙwai ba. Ta riƙo gawar jirgin ta wutsiya, ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Baba Injiniya, yau akurki ne. Gobe kan wa?" Kuma gaskiyarta ce. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, dole ne a samu mai tambayar kan wa zai faɗo. In doka ta ce kar a tashi irin wannan abu kusa da asibiti, ko filin manyan jirage, ko kan taron jama'a, da hannu biyu zan sa hannu. Rigimata da dokar da ke fitowa da hatiminta kafin ta fito da sikelinta ce.

Kawu dai ya zauna ya yi nasa awon. Ya rataye sanda da igiya a tsakiyarta, ya ɗaura ƙunshin sukari mai kilo ɗaya a wannan gefe, jirgi a wancan. Jirgi ya rinjayi sukari. Mako uku ya yi yana rage masa nauyi, kuma mako uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai irin idonsa. Ya kankare fenti shafi ɗaya, ya huda ramuka a haƙarƙari, ya rage tsawon wayoyi. Daga ƙarshe ya ciro ɗan matuƙin nan mai gashin baki ya jefa a aljihu. A ranar ne sukari ya sauka, jirgi ya ɗaga.

Wannan ya kawo mu ranar Talata.

Ofishin hukumar yana hawa na biyu. Allon sunanta ya fi ƙofar shiga girma. A ƙasa sababbin motoci uku ne a jere, kuma na leƙa ta gilashi don ilimi kawai, na ga allurar mai ta kowace a cike, abin da ya tabbatar mini cewa man bai ɓace ba, ya dai san gidajen da yake zuwa ne. A cikin ofishin kuwa rabin ɗakin wani ƙaton kwali ne ya cinye shi, an ɗaure shi da jan ƙyalle, ma'aikata sun jera kofunan shayi a kansa. Kawu ya lalubi jikin kwalin, ya ƙwanƙwasa, ya raɗa mini, "Kumfar da ke cikin nan za ta yi jirgi biyu."

Shugaban wurin, wanda zan kira Sarkin Hatimi saboda hatiminsa a ɗaure yake da zare a maɓallin rigarsa, ba mugun mutum ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na san yadda zan rubuta shi. Mutum ne mai fara'a, mai tumbi madaidaici. Da ya ga jirgin sai ya miƙe ya zagaya shi sau biyu.

"Baba, kai ka haɗa wannan? Da hannunka? Kai, madalla! To, sai mun auna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kamar sikeli ne wancan a cikin kwali."

"Shi ne. Daga waje aka kawo shi, ko gashin tsuntsu ka ɗora zai faɗa maka nauyinsa. Amma ba a taɓa shi. Ba a ƙaddamar da shi ba."

"Wa zai ƙaddamar?"

"Mai girma da kansa zai zo ya yanke ƙyalle."

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"An kafa kwamitin da zai sa rana."

"Kwamitin ya zauna?"

"Ana jiran kujeru."

Na haɗiye abin da ya taso mini, don ba ni na zo da buƙata ba. Shi kuwa ya ɗauki hularsa da fayil, ya ce kar mu damu, suna da tsarin wucin gadi. Akwai wani mahauci a bayan ofis, a sikelinsa suke awo. "Mutumin kirki ne," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya a wurinsa nake sayen nama, bai taɓa barina na tsaya a layi ba."

Babu matar da ke wannan yanki da ba ta san sikelin mahaucin nan ba. Maiɗakina takan ce kilonsa ramewa yake yi a hanya, kafin ya iso gida ya zubar da kwata. Mu maza ne ba mu sani ba, saboda mu ba ma sake awo. A ce mana ranka ya daɗe, a ƙara mana guntun ƙashi a kai, mu tafi muna jin mu manya ne.

Mahaucin kuma ba baƙon Kawu ba ne. Rediyon da ke rataye a kan ƙugiyarsa, tsakanin cinya da haƙarƙari, sau nawa Kawu ya dawo da ita daga lahira. Da ya hango mu, hukuma a gaba, Kawu a tsakiya, ni a baya da jirgi, sai ya fara washe baki. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai washewar ta tsaya a inda take. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Yallaɓai," in ji shi, "wannan fa sikelin nama ne. Bai saba da jirgi ba."

"Kilo ai kilo ne," in ji Sarkin Hatimi.

"Haka ne, yallaɓai. Amma akwai iska yau."

"Ɗora."

Ya goge farantin da tsumman da ya fi farantin maiƙo, ya karɓi jirgin da hannu biyu kamar jariri, ya ɗora a hankali, wai ko allurar za ta ji kunya. Allura ba ta ji kunya ba. Ta wuce kilo ɗaya ba ko sallama, ta je ta tsaya a kilo ɗaya da giram ɗari biyu.

Sarkin Hatimi ya kama hannun Kawu ya girgiza. "Baba, ina taya ka murna. Wannan cikakken jirgin sama ne. Kai ne matuƙi na farko da ofishin nan ya samu."

Jama'a, ina tsaye na ga abin da ya faru da fuskar Kawu. Ya gyara zaman hularsa. Kafaɗunsa suka miƙe. Shekara bakwai ana ce masa mai wasan yara, yau ga hukuma da bakinta, a gaban mahauta da masu sayen hanta, ta ce masa matuƙi. Ya san sarai awon ƙarya ne, shi da ya yi mako uku da sukari, amma akwai ƙaryar da ke da daɗin ji.

"Sai dai," in ji Sarkin Hatimi yana buɗe fayil, "za a bar shi a wurinmu har kwamitin lasisi ya zauna."

"Yaushe ke nan?" in ji Kawu.

"Da zarar an ƙaddamar da sikeli."

Mahauci ya shiga uku. In ya yi shiru, ya hallaka mutumin da ya raya masa rediyo shekara da shekaru. In ya yi magana, ya tona wa kansa asiri a gaban hukuma, kuma hukumar da ke sayen nama a wurinsa. Gaba kura, baya sayaki. Sai ya sunkuyo kamar zai kore ƙuda daga fiffiken jirgin, ya raɗa mini a kunne, "Ka ce a sake awo a wurin mai ƙarafa. Nasa sikelin ba halinsu ɗaya da nawa ba."

Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, ko likita yakan ce a je a ji ta bakin wani likitan. Abu mai girma kamar rajistar jirgin farko, ya dace a tsaya a kan shaida ɗaya?"

Ya ɗan yi tunani. Maganar ta yi masa kama da tsari, kuma babu abin da ma'aikaci ke ƙauna kamar tsarin da zai ƙara wa rahoto shafi. "Awo na biyu," in ji shi. "Wannan shawara ce mai kyau. Ina ma da wanda na sani a ƙarshen layin nan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Watan jiya na sayar masa da gadon ƙarfe da mataccen janareta."

Wannan ita ce tafiyar da kuka gan ni a cikinta da rakiyar ƙudaje.

Bari in yi wa waɗanda ba sa zuwa kasuwa bayani. Mahauci sayarwa yake yi, don haka sikelinsa mai yawan kyauta ne, abu kaɗan ya ce mai yawa ne. Mai ƙarafa kuwa saye yake yi, don haka nasa sikelin mai kunya ne, ko me ka ɗora masa sai ya yi ƙasa da kai. Muka tarar da shi a tsakanin tarin murhu da ƙafafun keke. Ya ga hukuma ya miƙe da rawar jiki, ya rataya jirgin a ƙugiyar sikelinsa. Allura ta ɗan motsa kamar mai ciwon baya, ta tsaya a giram ɗari bakwai.

Sarkin Hatimi ya dubi allurar. Ya dubi fayil. Ya waiga ya dubi layin da muka biyo.

"Tsakanin can da nan taku nawa ne?"

Na ce, "Bai kai ɗari biyu ba, ranka ya daɗe."

"A taku ɗari biyu jirgi ya zubar da rabin kilo?"

"Rana ce, ranka ya daɗe. Ni ma na rame."

Bai yi dariya ba. Ina kallonsa yana haɗa abin a kansa. Ya juya wajen layin mahauta, na ga naman shekara goma sha ɗaya na wucewa ta idonsa. Ya juyo wajen tarin ƙarafa, can kuwa ga kan gadonsa na leƙowa daga ƙarƙashin wata tsohuwar garwa. Mai ƙarafa ya tuna da wani aiki na gaggawa a bayan rumfa. Bawan Allahn nan ya fito da safe ya auna jirgin wani, sai ga shi ya auno kansa ta gaba da ta baya.

Muka koma ofis. Sarkin Hatimi ya zube a kujera, ya cire hula, ya ce, "Yanzu wanne zan rubuta? In rubuta na ɓarawon da ke ƙarawa, ko na ɓarawon da ke ragewa?"

Kawu ya ce, "Yallaɓai, ko za a samu sukari?"

Aka samu. Kwamitin da ba shi da kujeru yana da kayan shayi, katan-katan, a kulle a kabad. Aka ciro ƙunshi ɗaya mai kilo guda, ba a taɓa buɗe shi ba. Kawu ya sa aka zare sandar labulen taga. Ya auna tsawonta da igiya, ya ninka igiyar biyu ya gano tsakiya, duk da laluben yatsu. Aka rasa inda za a rataya, sai wata ma'aikaciya ta nuna fankar sama, ta ce ai rabonta da juyawa tun ranar da aka buɗe ofishin. Na hau tebur na ɗaura. Sukari a dama, jirgi a hagu. Duk ma'aikatan hawa na biyu suka taru a ƙofa.

Kawu ya saki sandar. Ta yi lilo sau biyu, sau uku. Sannan sukari ya sauka a hankali, jirgi ya ɗaga sama da kamar faɗin yatsa huɗu, ya tsaya yana juyi a ƙarƙashin fanka. Aka ɓarke da tafi. Ku rubuta wannan ku ajiye: karo na farko da jirgin Kawu ya bar ƙasa a gaban jama'a, a cikin ofishin Hukumar Kula da Duk Abin da Ya Bar Ƙasa ne, babu lasisi, shugabanta na tafawa.

Sarkin Hatimi ya jawo fom. Gida biyu ne a jikinsa, ɗaya an rubuta jirgin sama, ɗaya abin wasa. Ya ɗora biro a kan na biyun, sai ya ɗago ya ga fuskar Kawu, ya dakata. Na ce muku ba mugu ba ne.

"Baba," in ji shi a hankali, "awon mahauci ma yana nan a fayil. In kana so, jirgi zan rubuta. Sunanka zai shiga littafi, shafi na ɗaya, layi na ɗaya. Sai dai jira."

Kawu ya taka zuwa tagar da aka cire wa labule, ya dafa ƙarfenta, ya daɗe yana kallon waje. Sannan ya nuna da yatsa.

"Ɗan nan, wancan tankin unguwarmu ne?"

Ba tanki ba ne. Allon talla ne, kuma ya fi tankin kusa da mu sosai. Na so in ce masa e, wallahi na so. Amma mun sha isasshen awon ƙarya a ranar.

"A'a, Kawu. Allon talla ne."

Ya gyaɗa kai. Ya dawo ya tsaya a gaban tebur, ya ce, "Yallaɓai, rubuta abin wasa."

Hatimi ya sauka, tim. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, har na juya ina kwance igiyar fanka alhali na riga na kwance ta.

Washegari da la'asar muka tafi fili. Kun san filin, wanda aka yi mana alkawarin filin wasanni na zamani a kansa. Sau uku manya daban-daban suna zuwa da ganga da jawabi suna kafa harsashinsa, don haka yanzu muna da duwatsu uku masu kyau da ciyawa. Ina gode musu, domin da sun cika alkawari da ba mu samu wurin tashin jirgi ba.

Maiɗakina ta zo, wai ta ga inda lemominta suka ƙare. Maƙwabciya mai ɗinki ta kulle kajinta ta zo, ta tsaya nesa da kwano a kife a ka. Mahauci ya zo da ƙunshin nama ya miƙa wa Kawu, kuma da na karɓa na ji nauyin da hannuna bai taɓa ji daga rumfarsa ba. Sarkin Hatimi ma ya zo, ya ce don sa ido ne kawai.

Na ajiye jirgin a kan ƙasa. Kawu ya zare eriyar rimot, ya yi bismillah, ya tura ɗan maɓalli. Farfela ta ɗauki kuka. Jirgin ya ruga a guje yana tsalle a kan burji, ya yi kamar zai kifa, ya gyara, sai kawai ƙasa ta sake shi.

"Na gan shi!" in ji Kawu. "Ga shi can! Ɗan nan, ka gan shi? Shuɗin ma ina gani!"

Tunda nake ban taɓa jin ya yi irin wannan dariya ba. Mai ɗinki ta sauke kwanonta ta rangaɗa guɗa. Jirgin ya wuce tsayin katanga, ya wuce tsayin bishiyar bakin fili, ya ci gaba da hawa. Sai na ji dariyar Kawu ta yanke. Na duba, na ga idonsa na yawo a inda babu komai, jirgin kuwa yana can hannun hagu yana nufar gidajen mutane. Na buɗe baki zan ce masa hagu.

"Yi shiru," in ji shi.

Ya rufe ido gaba ɗaya, ya karkata kai. Mutumin da ya shekara arba'in yana rarrabe muryar rediyo biyar a ɗaki ɗaya ba zai ɓatar da kukan inji ɗaya a fili ba. Yatsunsa suka motsa. Jirgin ya karkata, ya juyo, ya yi zagaye ɗaya mai faɗi, yana saukowa kaɗan-kaɗan har kukan ya zo daidai kanmu. Sannan Kawu ya buɗe ido. Bai sake barinsa ya hau ba. Ya riƙe shi nan ƙasa-ƙasa, daidai inda idonsa ke kaiwa, yana zagaya mu, yana binsa da kallo kamar mai ƙishirwa, har batir ya fara gajiya.

Ya sauke shi tsakanin harsashi na biyu da na uku. Taya ɗaya ta cire ta ci gaba da tafiyarta. Sarkin Hatimi ya tako, ya cire hula, ya ce, "Sannu da sauka, Matuƙi." Wannan karon babu fom a hannunsa.

Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan mutumin nan mai gashin baki, ya lalubi gurbinsa ya zaunar da shi.

"Baba," in ji Sarkin Hatimi, "in ka mayar da shi fa sai an sake awo."

"Ba sai an sake ba," in ji Kawu. "Ya zauna abinsa. Na gani, ya isa."

Sikelin hukuma dai har yanzu yana cikin kwalinsa, kujerun kwamiti na kan hanya. Kawu ya sa na rubuta masa takardar neman kumfar da ke ciki in an ƙaddamar, ya ce ko ba ido hannu ya san hanya, kuma an tabbatar mana cewa za a kafa kwamitin duba buƙatarsa. Maiɗakina ta ce kwana uku ke nan kilon mahauci na isowa gida da ƙibarsa, ba ta san ko zai ɗore ba. Ni kuwa na koma gidan mai na tarar da babur ɗina a inda na bar shi, layin bai motsa ba, sai dai dutsen da na ɗora masa an ɗauke. Ban zargi kowa ba. Na dai ji an ce mako mai zuwa za a kafa harsashi na huɗu.